Wutsiyar-Ɓera: Kifin da Kasuwar Duwala Ba Ta Raɗa wa Suna Ba

Bahaushe ba baƙo ba ne a sha'anin kifin ruwan daɗi. Daga Argungu zuwa Yawuri, daga fadamun Haɗeja zuwa bakin Tafkin Cadi, masunta sun raɗa wa kusan kowane kifi suna, kuma kowane suna yana tafe da sanin halin mai shi: minjirya mai fizgar hannun wanda ya taɓa ta, talibambam mai kumbura ciki idan ya tsorata, gaiwa mai kwanciya cikin busasshen taɓo har damina ta dawo, ga giwan ruwa da ragon ruwa, ga tarwaɗa da karfasa da kurungu da tsage da yauni. Amma da zarar harshen ya iso gaɓar teku, sai ya koma cin aro. A Kassalafam da maƙwabtanta cikin New Bell, a birnin Duwala, kifin teku yana shiga tukunya kusan kowace rana, sai dai da sunan baƙi yake shiga: makero, bar, mashwaron, duk daga bakin Faransanci, ko kuwa bonga da bifaka da aka tsinta a bakin mutanen gaɓa.

Ba abin mamaki ba ne. Unguwar New Bell ta samo asali ne daga shirin Jamusawa na tayar da mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, shirin da Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa da shi har aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi daga kowace kusurwa. Hausawa kuwa fatauci ya kawo su, da goro da shanu da fawa da tukubar tsire, ba kwalekwale ba, don haka suka bar teku ga masu ita. Akwai kuma wani dalili da ba a cika lura da shi ba. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa ke bi, abin da ke rayuwa a teku halal ne, ko yana da ɓawo ko ba shi da shi. Ke nan babu wata larura ta shari'a da za ta sa malami ya zauna yana bambance wannan kifi da wancan, kamar yadda ya zama tilas a bambance dabbobin tudu.

To, ko sunayen aron ma iyakarsu kifayen da ke zuwa kasuwar Yupwe da shagunan kifin ƙanƙara, wato mazauna saman teku da ruwa marar zurfi. A ƙarƙashin waɗannan akwai wata al'ummar kifi mai yawan gaske, wadda mai gasa kifi a bakin titi zai iya tsufa bai taɓa ɗora ido a kanta ba. Masana suna kiran danginta Macrouridae, 'yan kasuwar Turai suna cewa grenadier, matuƙan jiragen kamun kifi na Ingila kuwa ba su yi kwana-kwana ba, sun kira ta da abin da suka gani: wutsiyar ɓera.

Kafin a kai ga kifin, sai an san gidansa. Ƙasan teku ba rami ba ne da ke farawa daga gaɓa. Idan aka fita daga bakin Wuri aka nufi yamma, ƙasa takan yi ta sauka a hankali kamar dandamali har zurfin ya kusa mita 200. A kan wannan dandamali ne masu kwalekwale da jiragen taru suke samun bar da mashwaron da jatan lande. Daga bakinsa sai ƙasa ta karye, ta zama gangare mai sauka zuwa mita 1,000, zuwa 2,000, har ta kai shimfiɗar can ƙasa. Wannan gangaren shi ne garin wutsiyar-ɓera. Rabon Kamaru daga cikinsa bai da yawa, domin tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini yana zaune ne daidai gabanta, bai kai kilomita 50 daga gaɓa ba, ya tare mata hanyar fita teku mai zurfi. A kudu, wajen Kiribi da Kampo, dandamalin ya fi ƙunci, gangaren ya fi kusa.

Wanda ya san zafin Duwala da guminta zai yi wuyar yarda cewa sanyi yana kwance a gefensa. Ruwan saman Mashigin Tekun Gini yakan kai digiri 28, amma a zurfin mita 500 ba ya kai digiri 10. Hasken rana yakan fara gazawa tun daga mita 200, kafin mita 1,000 ya ƙare sarai. Sannan ga nauyin ruwa: kowace mita goma tana ƙara danniya daidai da ta iskar da ke kan mutum a doron ƙasa, saboda haka kifin da ke mita 500 yana ƙarƙashin danniyar da ta ninka tasa kusan sau hamsin. Sanyi, duhu, danniya, da ƙarancin abinci: duk siffar kifin amsa ce ga waɗannan huɗun.

Kansa babba ne, idanunsa manya, ƙirjinsa gajere, daga nan jikin ya yi ta sirancewa har ya ƙare a tsini kamar bulala, ba tare da faffaɗan fiffiken wutsiya irin na karfasa ba. A bayansa akwai fiffike na farko, gajere mai tsayi. Bayan ɗan rata sai na biyu, dogo marar tsayi, ya bi gadon baya har ƙarshe. A ƙarƙashin ciki akwai wani dogon fiffiken, wanda galibi ya fi na saman tsayi, shi ma ya tafi har tsinin wutsiya. Bakin yawanci yana ƙarƙashin hanci, kuma a haɓa akwai ɗan gemu guda ɗaya wanda yake lalube da shi cikin taɓo.

Masuncin Binuwai ko na Lagdo da zai ga wannan siffa, nan da nan zai ce ɗan'uwan yauni ne, domin yauni ma haka wutsiyarsa take ƙarewa a tsini. A nan ne darasin farko na ilimin rabe-raben halittu yake, kuma Hausawa sun riga sun faɗe shi: kama da wane ba ta wane. Yauni ba shi da fiffiken ƙarƙashin ciki ko kaɗan, ba shi da tagwayen fikafikan ƙirji na ƙasa. Da dogon fiffiken bayansa kaɗai yake tafiya. Wutsiyar-ɓera yana da duka. Tsarin ƙashinsu ya nuna cewa tsatsonsu ya rabu tun zamani mai nisa ƙwarai. 'Yan'uwan wutsiyar-ɓera na haƙiƙa su ne kifayen da ba wanda zai zaci haka: busasshen kifin Norwe da ake kira okporoko a kasuwannin Nijeriya, wanda masu Faransanci ke cewa mori, da kuma panla. Dukansu suna cikin babban rukuni ɗaya mai suna Gadiformes, kuma ɗan gemun nan na haɓa alama ce da yawancinsu suka gada.

Tsarin da masana ke bi yana kama da yadda ake gabatar da mutum: ƙabilarsa, danginsa, gidansu, sannan shi kansa. Rukuni shi ne Gadiformes. Dangi shi ne Macrouridae, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar doguwar wutsiya, kuma yana ɗauke da nau'o'i fiye da 300, daga masu tsawon tafin hannu zuwa ƙaton arewacin tekun Fasifik da ke wuce mita ɗaya da rabi, daga mazauna mita 200 zuwa waɗanda aka samu a zurfin da ya haura mita 6,000. A cikin dangi akwai gidaje, a cikin kowane gida akwai nau'o'i. Tun bugu na goma na littafin Linnaeus a 1758, kowane nau'in dabba yana ɗaukar suna biyu: na gida a gaba da babban baƙi, na kansa a baya da ƙarami. Iyakokin dangin kansu ba a kafe suke ba. Binciken ƙwayoyin gado na 'yan shekarun nan ya sa an cire wasu rassa da a da ake lissafawa a ciki, an mai da su dangogi masu zaman kansu, shi ya sa tsohon littafi da sabo sukan saɓa a kan adadi.

Da yake ba a iya bin gidaje duka, gara a tsaya a kan nau'i ɗaya da ke zaune a gangaren Afirka ta Yamma, a karanta sunansa kamar yadda ake rubuta shi: Malacocephalus laevis (Lowe, 1843). Sunan gidan yana nufin mai taushin kai, domin ƙasusuwan kansa ba su da tauri. Sunan nau'in yana nufin mai sulɓi. Lowe kuwa shi ne Richard Thomas Lowe, wani limamin coci ɗan Ingila da ya zauna a tsibirin Madera, yana karɓar baƙin kifaye daga hannun masunta masu zura dogon layin ƙugiya cikin zurfi, yana bayyana su. Shi ya fara siffanta wannan kifi a 1843, amma a gidan Macrourus ya saka shi. A 1862 Albert Günther na gidan tarihin Birtaniya ya ga bambancinsa ya isa a ware masa gida, ya kafa Malacocephalus. Wannan ƙaura ce ta sa ake rufe sunan Lowe da shekarar cikin baka biyu. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar bakan nan ado ne, suna sa shi inda suka ga dama, alhali labari yake bayarwa: kifin ya bar gidan da mai raɗa masa suna ya ajiye shi. Inda babu baka, yana nan a gidansa na fari.

Yanzu sai babbar matsala, wato gane shi. Duk 'yan dangin nan kusan launinsu ɗaya, toka-toka ko ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, siffarsu ɗaya. Kallo ba ya raba su. Ƙirga ke raba su. Kuma abin da taru ke fitowa da shi ba shi da kyan gani. Kifin yana da jakar iska a cikinsa wadda ke taimaka masa tsayawa a ruwa ba tare da wahala ba. Yayin da aka jawo shi sama, danniya ta ragu, iskar ta kumbura, sai idanu su firfito, wani lokaci tumbi ya fito ta baki. Ɓawon jikinsa yakan goge a cikin taru. Wutsiyar kuwa sau da yawa a gutsure take, ko a taru, ko tun yana raye wani kifi ya cije ta, ta warke ta tsiro da wani abu mai kama da fiffike wanda ke ruɗar sabon shiga. Saboda haka masana ba sa dogara da cikakken tsawonsa. Tsawon kai suke aunawa, ko daga tsinin hanci zuwa dubura.

Ƙirga ta farko a maƙogwaro take. A ƙarƙashin marfin mashaƙar kifi akwai wata fata mai naɗewa wadda siraran ƙasusuwa ke riƙe da ita kamar sandunan laima. Idan aka buɗe ta aka ƙirga aka sami shida a gefe ɗaya, to kifin yana cikin gidaje irin su Coelorinchus da Coryphaenoides da Macrourus. Idan bakwai ne, yana wajen Malacocephalus ko Nezumia ko Hymenocephalus. Da wannan ƙirga kaɗai an zubar da rabin zato. Ta biyu, yatsa ne ke yin ta: a shafa doguwar ƙayar da ke gaban fiffiken baya na farko, daga sama zuwa ƙasa. Ko dai a ji ta sumul, ko a ji ta da haƙora kamar zarto. Ta uku, a buɗe baki. Malacocephalus laevis yana da ƙasusuwan maƙogwaro bakwai, ƙayarsa sumul take, haƙoransa na sama layi biyu ne, na waje sun fi girma, na ƙasa kuma layi ɗaya ne, manya masu tazara. Tsawonsa yakan kai santimita 60.

Amfanin wannan tsanani yana bayyana ne idan aka ajiye shi kusa da ɗan gidansu, Malacocephalus occidentalis, wanda Goode da Bean suka siffanta a 1885 daga gefen Amurka, suka sa masa suna mai ma'anar na yamma. Daga baya aka tarar yana zaune a gefen Afirka ma, don haka kifin da ake kira na yamma yana iyo a gabashin Atlantika, kuma ƙa'idar suna ba ta yarda a sauya don ma'ana ta ƙi dacewa ba. A ido su biyun kamar tagwaye suke. Amma ƙayar occidentalis tana da zarto, haƙoransa na sama ba layi biyu ba ne, ɗamara ce ta ƙananan haƙora, kuma tsarkiyoyin fiffikensa na ƙirji na ƙasa galibi takwas ne, inda na laevis galibi tara ne. Tsarkiya ɗaya tak, da ƙaiƙayin ƙaya a kan yatsa: a kan irin wannan ne nau'i biyu suke rabuwa.

Sauran maƙwabta sun fi sauƙi. Coelorinchus yana da dogon hanci mai tsini da wani tudu mai kaushi da ya taso daga hancin ya bi ƙarƙashin ido har kunci. Mai neman sa a littattafai ya shirya ganin sunan da rubutu biyu, Coelorinchus da Caelorinchus, domin an daɗe ana ja-in-ja a kan harafi ɗaya. Hymenocephalus italicus ƙarami ne, fatar kansa siririya har ana hango abin da ke ciki. Nezumia kuwa, wanda David Starr Jordan ya kafa a 1904, daga kalmar Japananci ta ɓera aka samo shi. Ashe ba masuntan Ingila kaɗai suka ga ɓera a jikin kifin nan ba.

Akwai alama ta huɗu, wadda ta fi duka ban sha'awa. A cikin Malacocephalus dubura ba ta manne da farkon fiffiken ƙasa ba. Tana gaba, cikin wani baƙin fili marar ɓawo, kuma a gabanta akwai 'yan ramuka biyu, ɗaya daga cikinsu tsakanin fikafikan ƙirji na ƙasa. Waɗannan tagogi ne na fitila. A cikin bangon ciki akwai wata 'yar jaka da ke ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu haske, kifin yana ciyar da su, su kuma suna ba shi haske mai shuɗi-kore. Masuntan garin Sesimbra a Fotugal sun san wannan tun kafin masana: sukan matse cikin kifin, su shafa ruwan mai ƙyalli a kan koto, su zura cikin duhu don jawo wasu kifaye. Baltasar Osório ya rubuta labarin a 1912, yana mai cewa bakteriya ce ke hasken. A 1925 da 1926 wani masani ɗan Ingila, C. F. Hickling, ya nazarci jakar ya ce a'a, kifin ne da kansa ke haɗa sinadarin. Binciken da ya biyo baya, musamman na Yata Haneda a Japan, ya mai da gaskiya ga Osório. Siffar tagogin da wurin da suke ya bambanta daga gida zuwa gida, shi ya sa mai tantancewa yakan kifar da kifin ya duba ciki kafin ya yanke hukunci. Haske ba shi ne kaɗai hanyar sadarwarsu ba. Mazan nau'o'i da yawa suna da tsoka a jikin jakar iska wadda ke kaɗa ta kamar ganga, dabarar da bar na kasuwar Duwala shi ma yake da ita.

Batun yaɗuwa shi ne inda hankali ya fi tsayawa. Ana samun Malacocephalus laevis a zurfin mita 200 zuwa 1,000, ya fi yawa tsakanin 300 da 750. A gabashin Atlantika ya taso tun daga ruwan Aisland, ya bi ta yammacin Ailan da Fotugal da Maroko da Senegal, ya ratsa Mashigin Gini, ya kai Afirka ta Kudu. A yamma yana nan daga Fulorida zuwa Birazil. Yana tekun Indiya, yana wajen Indunusiya da Ostireliya. Ta yaya kifi ɗaya zai zauna a gefen Aisland da gefen Kiribi? Bonga ba zai iya ba, domin shi ɗan ruwan sama ne, kuma ruwan sama ya bambanta daga wuri zuwa wuri kamar yadda Agadas ta bambanta da Duwala. Amma a gangare, bambancin yana raguwa. Sanyin da ake samu kusa da sama a arewa, shi ake samu a ƙasa a yankin zafi. Ga kifin gangare, taswirar duniya siririyar hanya ce mai sanyi da duhu wadda ta kewaye nahiyoyi, yana bin ta ba tare da ya san ya tsallaka iyakar kowa ba.

Sai dai faɗin yaɗuwar ya haifar da tambaya. An siffanta wasu kifaye masu kama da shi ƙwarai daga Hawai da Filifin da Japan, aka ba su sunaye daban: hawaiiensis, luzonensis, nipponensis. Masana sun daɗe suna muhawara ko waɗannan nau'o'i ne na gaskiya, ko kuwa laevis ne ya yi nisan zango aka sake masa suna a kowane masauki. Amsar ba ta ado ba ce. Idan nau'i ɗaya ne mai faɗin duniya, ƙarewarsa a wuri ɗaya rauni ne. Idan nau'o'i ne da yawa kowanne da yankinsa, ƙarewarsa a wuri ɗaya mutuwa ce.

Abin da aka sani game da gangaren Mashigin Gini, baƙin jirage ne suka tattaro shi. Jirgin binciken Jamus mai suna Valdivia, ƙarƙashin Carl Chun, ya tsaya a Kamaru a watan Satumba na 1898, lokacin Limbe tana amsa sunan Victoria, kuma August Brauer ya wallafa bayanin kifayen zurfin da aka kamo a 1906. A 1964 da 1965 jirgin Pillsbury na Jami'ar Miami ya ja taru a mashigin, daga abin da ya kamo Tomio Iwamoto ya fitar da nazarinsa kan wutsiyar-ɓera na yankin a 1970, har da sababbin nau'o'i. Ɗaya daga cikinsu ya sa masa suna Nezumia duodecim, wato sha biyu, saboda adadin tsarkiyoyin fiffikensa. Da wuya a sami suna da ya fi wannan faɗin gaskiyar sana'ar. Daga baya jirgin Dr. Fridtjof Nansen na Norwe, tare da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zagaya ruwan Nijeriya da Kamaru. Aiki ne mai kyau, amma ziyara ce, ba zama ba. Kifayen da aka kafa sunaye a kansu suna cikin kwalabe a gidajen tarihin Turai da Amurka, ɗalibin Cibiyar Nazarin Kamun Kifi ta Jami'ar Duwala da ke Yabasi kuwa ya fi saurin ganin zanensu a littafi fiye da ganin su a hannu.

Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan mai sayen kifi a New Bell da duk wannan? Ruwansa biyu ne. Na farko yana kan kwali. Kamaru tana shigo da kifin ƙanƙara mai yawa kowace shekara, shi da shinkafa suna cikin abincin da ya fi cinye mata kuɗin waje, kuma sunan kasuwa ba shaida ba ne. Kalmar grenadier asalinta sunan sojan da ke jefa gurneti ne. 'Yan kasuwa sun fi son ta saboda ba mai sayen abin da aka kira wutsiyar ɓera ya kai wa iyalinsa. Amma ana liƙa ta ga kifayen da ba 'yan dangin ba ne. Hoki na Niyu Zilan, Macruronus novaezelandiae, da ɗan'uwansa na kudancin Ajantina da Cile, ana sayar da su da wannan suna, alhali ba Macrouridae ba ne: bakinsu a gaba yake, ba su da gemu. Wanda ya iya karanta sunan kimiyya a gefen kwali, da lambar yankin da aka kamo kifin, ya san abin da yake saye. Lamba 34 ita ce gabashin tsakiyar Atlantika, ruwan da Duwala ke ciki. 27 arewa maso gabashin Atlantika ce. 81 yankin Niyu Zilan.

Na biyu ya fi nauyi. Kifayen zurfi da yawa suna girma a hankali, suna jinkirin haihuwa, suna daɗewa a duniya. Coryphaenoides rupestris na arewacin Atlantika, wanda Gunnerus, bishop na Trondheim, ya siffanta a 1765, yana iya haura shekara 50. Da kifin dandamali ya ragu, manyan jirage suka sauka gangare tun daga ƙarshen shekarun 1960. Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2006 ya nuna cewa nau'o'in kifin zurfi biyar a ruwan Kanada, biyu daga cikinsu wutsiyar-ɓera, sun ragu matuƙa, wasu har da kashi 98 cikin ɗari, tsakanin 1978 da 1994. Shekara goma sha bakwai ke nan, abin da bai kai rabin rayuwar kifi ɗaya ba. An iya gano wannan ne kawai saboda akwai masu ƙirga kowane nau'i da sunansa, shekara bayan shekara.

A gangaren Afirka ta Yamma, daga Muritaniya zuwa Angola, jiragen da ke neman jatan landen zurfi suna jan taru a daidai mazaunin wutsiyar-ɓera. Ba shi ake nema ba, amma yana shiga, kuma tun da ba ya tsira daga tasowa sama, mushe ake mayarwa ruwa. A littafin jirgi, idan ma an rubuta shi, yakan faɗa ƙarƙashin kalmar “sauran kifi”. Nau'i goma za su iya ɓuya a cikin wannan kalma, ɗaya ya ƙare ba wanda ya sani. Ga Kamaru kuwa, batun sa ido a teku ba ƙaramin ciwo ba ne: Tarayyar Turai ta ba ta katin gargaɗi a Fabrairun 2021, sannan jan kati a Janairun 2023, bisa zargin cewa tana ba jirage tutarta ba tare da lura da abin da suke kamawa ba. Ƙasar da ke fama da lura da kifin da ake saye da kuɗi, ba ta kai ga lura da wanda ake zubarwa ba.

Shi ya sa neman suna na Hausa ba wasan yara ba ne, muddin an gina sunan a kan abin da ke raba kifin da waninsa. Wutsiyar-ɓera ya dace da dangin baki ɗaya, ya fi aron grenadier, domin yana zana kifin a ido, kuma ba zai rufe hoki a ƙarƙashinsa da sunan kasuwa ba. Gidan Malacocephalus sai a ce mai taushin kai. Laevis ya zama mai sulɓin ƙaya, occidentalis mai zarton ƙaya, wanda ya fi sunansa na Latin gaskiya a wannan gaɓa. Irin wannan suna yana koyar da tantancewa tun a baki, kamar yadda sunan ragon ruwa da giwan ruwa suke yi wa yaron masunta. Ba zai maye gurbin sunan kimiyya ba, amma zai ba matashin Kassalafam da ya sami aiki a jirgi ko a tashar sauke kifi abin da zai riƙe kifin da shi a ransa.

Idan irin wannan matashi, ko ɗalibin Yabasi, ya ci karo da ɗaya a cikin tarkacen taru, abin da ake bukata daga gare shi kaɗan ne. Ya ɗauki hotonsa ta gefe da fikafikai a buɗe, da ma'auni a kusa, sannan ta ƙasa yadda tagogin fitila za su fito. Ya ƙirga ƙasusuwan maƙogwaro da tsarkiyoyin fiffiken ƙirji na ƙasa, ya shafa ƙaya, ya duba haƙora, ya auna kai. Ya yanki ɗan nama ya sa cikin giyar asibiti mai ƙarfi don binciken ƙwayoyin gado, tun kafin a jiƙa sauran jikin a fomalin, domin fomalin yana lalata su. Sannan ya rubuta rana, da wurin da aka ja tarun, da zurfin, a kan takarda mai ƙwari, ya jefa ta cikin kwalbar tare da kifin. Da fensir ake rubutawa; tawadar biro tana narkewa cikin giyar.